Ta Ina Wuta Ta Fi Araha? Bayani Daga Tagar Shagon POS a Kubwa

Ina da ɗan shagon POS a Kubwa, kuma kusan rabin cinikina na sayar da katin wuta ne. Tambayar da ba ta yankewa a bakin tagar nan ita ce, "Malam, ta ina ne wuta ta fi araha?" Wani ya ji an ce in ka saya ta waya ana ƙara maka yunit. Wani an gaya masa sayen ranar ɗaya ga wata ya fi auki. Wani kuma ɗan'uwansa da ke Ingila ne ya ce masa su can rangwame ake musu saboda sun bar banki yana cire kuɗin da kansa. Maganar ɗan'uwan nan gaskiya ce, amma a can. A Ingila wanda ya ba kamfani izinin cirar kuɗi daga asusunsa kowane wata yana biyan ƙasa da wanda sai an aiko masa da takarda sannan ya biya, har hukumarsu ta Ofgem takan fitar da lissafi dabam ga kowace hanyar biya. A Ostireliya ma akwai kamfanonin da ke rage wa wanda ya biya kafin wa'adi ya cika.

Mu nan tsarinmu dabam ne. Farashin yunit NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ce ke amincewa da shi, kuma ya danganta ne da rukunin layin da gidanka yake kai. Kamfanin AEDC, wanda ya gaji rarraba wuta a Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa tun da aka miƙa wa 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, da wannan farashi yake sayarwa. Tun 2020 aka kasa layuka rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi alkawari a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ko ta banki ka biya, ko ta manhajar waya, ko a hannuna, ko ka taka da ƙafarka har babban ofishinsu da ke Wuse Zone 4, kuɗin yunit ɗaya ne ga rukuninka.

Duk da haka, maƙwabta biyu a layi ɗaya kowa zai ba da naira 10,000, ɗaya ya tashi da yunit ɗinsa cif, ɗayan ya koma gida da abin da bai kai ba. Bambancin yana cikin abin da ake zaftarewa kafin kuɗin ya zama wuta, kuma duk a rubuce yake a jikin rasit. Shi ya sa abu na farko da nake roƙon mutane shi ne su daina yaga rasit da zarar sun danna lambobin nan 20 a mita.

Ga yadda za ka auna da kanka. Duba rasit ko saƙon da ya shigo wayarka, ka nemo farashin yunit. Ka ƙara masa harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, wato ka ninka farashin da 1.075. Sai ka raba kuɗin da ka bayar da abin da ya fito. Ɗauki rukunin A misali. Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga farashinsa zuwa naira 225, in ka sa haraji ya zama kusan naira 241.88, don haka dubu goma tana ba da yunit 41 da ɗoriya. A watan Mayun wannan shekara aka sauko da shi zuwa naira 206.80, da haraji naira 222.31, dubu goma ta koma tana ba da kusan yunit 45. Farashi yana sauyawa, saboda haka da na jikin rasit ɗinka na yau za ka yi aiki. In lissafinka ya zo daidai da abin da aka ba ka, ba wanda ya taɓa maka ko kwabo. In ya gaza, ɗayan biyu ne: ko cajin wanda ya sayar maka, ko tsohon bashi.

Maganar ranar ɗaya ga wata kuwa a ajiye ta. A da can akwai wani kuɗi na dindindin da ake cira duk wata ko ka sha wuta ko ba ka sha ba, shi ne ya sa mutane suka saba lura da ranar saye. An soke shi tun Fabrairun 2016. Yanzu farkon wata da ƙarshensa duk ɗaya, saye mai yawa da saye kaɗan duk farashi ɗaya.

Bashi shi ne babba, kuma a nan ne rangwame na gaske yake ga mai biya, don haka bari in tsaya a kansa.

Wata dattijuwa da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a bayan layinmu ta zo mini wata rana da rasit uku a ƙulle a gefen mayafi. Ta ce, "Ɗana, duba mini. Kuɗin da nake sa wa mitar nan bai canza ba, amma wutar ba ta kai mini kwanakin da take kai wa maƙwabciyata, alhali firizarmu iri ɗaya ce." Na shimfiɗa su a kan teburi, na sa yatsa a layin da ke ƙasa da haraji. Na ce, "Hajiya, kin ga wannan layin? Bashi ne. Kafin a ba ki wuta ana fara cire wannan." Ta ce ita ba ta taɓa cin bashin wuta ba tunda aka sa mata mita. Gaskiyarta ne. Bashin na zamanin da gidan yake karɓar bil na takarda ne, tun kafin mitar ta zo. Da aka sa mita sai aka ɗora ragowar a kan lambarta, ana cire wani kaso duk sayen da ta yi. Ita kuwa ta ɗauka zuwan mita ya shafe abin da ya wuce.

Irinta suna da yawa ƙwarai a Kubwa da Dutse da Nyanya da Lugbe, musamman a gidajen haya. To in ka ga irin wannan layi a rasit ɗinka, kada ka tsaya yi wa mai POS faɗa, ba shi da ikon taɓa shi. Ka ɗauki lambar mitarka da tsohuwar lambar asusun bil, in kana da ita, ka je ofishin kamfani na yankinku, ka nemi a buga maka cikakken bayanin asusun: nawa ne asalin bashin, daga wane wata zuwa wane wata, nawa aka cira zuwa yanzu, nawa ya rage. Kada ka yarda da na baki. A ba ka a takarda.

Da takardar a hannu sai ka duba abu biyu kafin ka fara maganar biya. Na farko, bashin naka ne? In ya taru ne kafin ka shigo gidan, ka rubuta takardar ƙorafi ka haɗa da kwafin yarjejeniyar hayarka mai ɗauke da ranar da ka tare, domin matsayin NERC shi ne bashin wuta yana kan wanda ya sha ta, ba a ɗora wa sabon ɗan haya. Na biyu, in bil na ƙiyasi ne ya tara shi, a gwada shi da iyakar da hukuma ta gindaya. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit da za a iya ƙiyasta wa wanda ba shi da mita, kuma tana wallafa iyakar kowane layi a shafinta na intanet. Maganar ba ta wasa ba ce: a Fabrairun 2024 hukumar ta sanar da cire naira biliyan 10.5 daga kuɗaɗen kamfanonin rarraba wuta 11 saboda wuce wannan iyaka a 2023, ta kuma umarce su da su mayar wa masu amfani da wuta abin da aka ɗora musu fiye da kima. Duk watan da bil ɗinka ya haura iyaka, kana da hujjar neman a gyara. Wannan gyara haƙƙinka ne, ba alfarma ba, kuma shi ake fara yi. Wanda ya yi gaggawar karɓar rangwame a kan jimlar da ba a tace ba, zai iya biyan abin da tun asali ba a bin sa.

Bayan an tace, sai maganar yadda za a biya. Kamfanonin rarraba wuta sukan buɗe wani lokaci na musamman su ce wanda ya biya tsohon bashinsa a dunƙule za a yafe masa wani kaso. Kason da wa'adin suna bambanta daga sanarwa zuwa sanarwa, saboda haka ka tambaya a ofis ko akwai wanda yake gudana, ka kuma riƙa duba shafukansu na hukuma. In akwai, ga sharuɗɗan da nake ba kowa shawara ya tsaya a kansu. A rubuta maka jimlar da za ka biya da jimlar da za a yafe, da sa hannun jami'i da hatimi. Kuɗin ya tafi asusun kamfani kai tsaye da lambar asusunka a jiki. Duk wanda ya ce ka tura wa asusunsa na kansa zai "shigar maka," ko da rigar aiki ce a jikinsa, ka ce masa a'a cikin mutunci ka wuce wurin mai karɓar kuɗi. Sannan bayan kwana biyu ka sayi wuta ta ɗan ƙaramin kuɗi, ka duba ko layin bashin ya ɓace. In bai ɓace ba, ka koma da takardunka tun maganar tana da ɗumi.

In ba ka da ƙarfin biya a dunƙule, kada ka ci bashi mai ruwa don ka cim ma rangwame. Na ga masu yin haka ta manhajojin ba da rance, ruwan da suka biya ya cinye abin da aka yafe musu, ga kuma nauyin riba a wuyansu. Gara ka zauna da jami'in ku daidaita kason da za a riƙa cira a kowane saye, wanda sana'arka za ta iya ɗauka. Hajiyar nan haka ta yi, ɗanta ya raka ta, suka daidaita, daga baya da kuɗin adashinta ya fito ta rufe ragowar.

Sai cajin saye. Ni ma ina karɓa, da shi nake biyan hayar shago da sayen takardar inji, kuma duk mai POS haka yake. Wasu manhajoji da shafukan intanet su ma suna ɗora kuɗin hidima a kan kowane saye, wasu ba sa ɗorawa, kuma wanda yake kyauta bana yana iya sa caji baɗi. Hanyoyin suna da yawa: manhajar bankinka, OPay, PalmPay, Moniepoint, BuyPower, shafin kamfanin kansa, da lambobin banki da ake dannawa a ƙaramar waya, waɗanda su ma akwai cajin naira 6.98 a kansu. Kafin ka danna amincewa, shafin ƙarshe yakan nuna kuɗin wuta dabam, caji dabam. Ka gwada hanyoyi biyu ko uku da kuɗi iri ɗaya ba tare da ka kammala ba, ka ga wadda ba ta ƙara komai, ka riƙe ta. In kana da babbar waya da asusun banki, ka saya da kanka. Wurina ka zo ranar da sabis ya ƙi, ko ranar da tsabar kuɗi ce kawai a hannunka.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan caji talaka ya fi ji a jikinsa. A ce cajin naira 100 ne. Mai sayen wutar dubu goma kashi 1 cikin 100 ya biya. Mai sayen ta dubu ɗaya kashi 10 ya biya. In ya yi irin wannan saye sau goma a wata, ya ba da naira 1,000 a caji kawai, kuɗin saye guda cur. Akwai wani tela da ke aiko yaronsa kusan kowace safiya da 'yan canji. Na kira shi gefe na ce, "Maigida, ka samu gwangwani ka riƙa jefa kuɗin nan kullum, ranar Juma'a ka aiko a saya maka gaba ɗaya." Satin farko ne mai wuya, domin sai an haɗa kuɗin wutar sati kafin a fara. Daga nan abin yana tafiya da kansa.

Game da ɗan kuɗin da wasu manhajoji ke mayar wa mai saye, ba laifi a karɓa, amma a karanta sharaɗin. Sau da yawa na sayen farko ne kawai, ko yana da iyakar da ba ya wucewa komai yawan sayenka, ko kuma ba a iya cire shi sai dai a sake sayen wani abu a cikin manhajar. In manhaja ta mayar maka da naira 50 amma ta caje ka 100, kai ne ka ba ta. Ka kula sosai da maɓallin "saya yanzu, biya daga baya." Rance ne, kuma galibi yana da ruwa ko tarar jinkiri.

Kowace hanya ka bi, ka tsaya sunan mai mitar ya fito a fuskar waya kafin ka biya. Lambobin nan 20 an ƙulla su ne da mita guda, ba za su shiga wata ba, kuma in ka saya wa mitar wani bisa kuskuren lamba ɗaya, dawo da kuɗin wahala ne babba. In tsohuwar mita ce da ta daɗe a rufe kuma tana ƙin karɓar kati, mai yiwuwa ba a sabunta ta ba a sauyin da wa'adinsa ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Kamfani zai ba ka lambobin sabuntawa jeri biyu, a danna su bi da bi kafin a sa katin wuta.

Wanda har yanzu yake kan bil na takarda, babban sauƙin da zai yi wa aljihunsa shi ne ya nemi mita. Akwai tsarin MAP da aka kafa a 2018, inda kake biyan kuɗin mitar, a sa maka cikin kwanakin aiki 10 bayan biya, sannan a riƙa mayar maka da kuɗin a hankali ta hanyar yunit. A Satumban 2023 farashin da hukuma ta amince da shi naira 81,975 ne ga mita mai layi ɗaya (single phase), mai layi uku (three phase) kuma naira 143,836. Daga Mayun 2024 aka saki farashin ya koma na gasa tsakanin masu kawo mita, ya kuma hau, don haka ka duba jerin da kamfani ya wallafa ka zaɓa. Ka adana rasit ɗin sayen mitar kamar takardar fili, domin da shi za ka bi kuɗinka. Akwai kuma mitocin da gwamnati ke rabawa kyauta, irin na shirin NMMP da aka fara a 2020. In irinsu ne suka zo unguwarku, ba a biyan kowa ko sisi. Kafin mitar ta zo, ka riƙa biyan bil ta banki ko a ofis inda za a ba ka rasit na inji, kada ka miƙa tsabar kuɗi a ƙofar gida. Kuɗin da bai shiga asusunka ba, bashi ne yake jiranka ranar da za a sa mita.

Akwai wani "rangwame" da nake gargaɗin kowa a kansa. Za ka ga saƙo a WhatsApp ko Facebook wai ana sayar da yunit a rabin farashi, ka tura kuɗi a turo maka lamba. Ni da nake sayarwa da izini na san ɗan abin da dillali ke samu bai kai ya raba farashi biyu ba, ko kusa. Ko dai su gudu da kuɗin, ko su turo lambar da mita za ta ƙi. Ɗan'uwan wannan shi ne mai zuwa da filaya ya ce zai zagaye maka mita, firiza da na'urar sanyaya ɗaki su riƙa sha ta bayan fage. Sata ce, kuma garin neman gira ake rasa ido. A umarnin da NERC ta sabunta a Janairun 2025, wanda aka kama da mita mai layi ɗaya zai biya naira 100,000 a karon farko, 150,000 in ya sake, mai layi uku kuma 200,000 da 300,000, ban da kuɗin wutar da ya sha a ɓoye. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta tanadi har da ɗauri.

Gidajen haya masu mita ɗaya, shawarata mutum ɗaya amintacce ya tara kuɗin kowa a saya sau ɗaya, ya ɗauki hoton rasit ya tura zauren gidan na WhatsApp kowa ya gani. In akwai mai firiza ko injin ɗinki a cikinku, a sa ƙaramar mitar raba wuta a ɗakinsa, zumunci ya fi daɗewa. Mai neman sabon gida kuma, kafin ya biya kuɗin haya ya karɓi lambar mitar ya sayi wutar dubu ɗaya, rasit zai gaya masa ko akwai bashi a kanta.

Mazauna rukunin A, ku da kuke biyan mafi tsada, ku riƙa rubuta awannin da kuke samun wuta a littafi, da lokacin ɗaukewa da na kawowa. Umarnin Afrilun 2024 ya ce layin da ya kasa samun awanninsa kwana 7 a jere a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da abin da yake samu, kuma saukar rukuni saukar farashi ce ga kowa a layin. In za ku kai ƙorafi, kan wannan ko kan bashi ko kan bil, ku fara da sashen karɓar ƙorafi na kamfani, a rubuce, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. In kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, ku ɗaukaka zuwa ofishin sauraron ƙorafi na NERC da ke Abuja, daga nan sai hukumar kanta. Wasu jihohi sun karɓi ikon kula da harkar wutarsu a ƙarƙashin dokar 2023, don haka na wajen birnin tarayya su tambayi hukumar da ke kula da jiharsu. Ku tafi da rasit ɗinku na watannin baya a jere, da hoton fuskar mita, da kwafin takardar farko mai hatimi.